Kwana Uku a Duwatsun Yokshaya

Ya ke wadda karatu ko aure zai kai Ingila, kada ki kulle kanki a ɗaki kewar gida ta cinye ki. Nemi ƙawaye, ku sa takalma masu ƙwari, ku nufi duwatsun Yokshaya da ke arewacin ƙasar.

Fitattunsu uku ne: Whernside mai tsawon mita 736, Ingleborough 723, Pen-y-ghent kuwa 694. Mu huɗu muka hau su cikin kwana uku, kowanne da ranarsa, muna kwana a ƙauyuka. A bisa ba abin da za ki tarar sai ciyawa da tumaki da iska mai sanyi.

Abin al'ajabin yana ƙarƙashin ƙafarki. Dutsen farar ƙasa ne, ruwan sama na cinsa sannu sannu har ya rarake shi. Ramin Gaping Gill zurfinsa mita 98, rafi na kwarara ciki. Wani Bafaranshe, Martel, shi ya fara sauka ƙasansa da tsanin igiya a 1895. Ke kuwa shiga kogon Ingleborough, kusa da ƙauyen Clapham, ki ga duwatsu na reto daga rufi kamar kyandir.

Amma fa ki kiyaye. In aka yi ruwa, kogo kan cika nan da nan, hazo ya rufe hanyar dutse. Kada ki shiga ba jagora. Ku gaya wa mai masaukinku inda za ku, da lokacin komowa. In ƙawarki ta gaji ku jira ta, don hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Sai mako mai zuwa.