Tromso: Birnin da Dare da Rana Suka Raba Shekara

Can ƙuryar arewacin ƙasar Norwe akwai birnin Tromso, zaune kan tsibiri, duwatsu sun yi masa ƙawanya. Daga ƙarshen Nuwamba zuwa tsakiyar Janairu rana ba ta ɓullowa sam. Daga wajen 20 ga Mayu kuma har wajen 22 ga Yuli ba ta faɗuwa. Na riski lokutan biyu, kuma a kowanne barcina ne ya fi jin jiki.

Lokacin hasken, ƙarfe sha biyun dare sai ka iske wani na fentin gidansa, wasu na hawan dutse, rana tana nan kamar la'asar sakaliya. A watan Yuni har gudun yada ƙanin wani suke yi da dare, ba fitila. Ka koma ɗaki a gajiye tiɓis, ido ya ƙi rufuwa ƙememe, sai ka saki labule mai kauri ka ƙirƙiro wa kanka dare.

Baƙo zai ɗauka watannin duhu su ne na barci mai daɗi. Ina! Mutane da yawa kan kwanta barci ya ƙi zuwa, da safe kuma tashi ya gagara. Da hantsi wani haske mai shuɗi-shuɗi kan bayyana na 'yan sa'o'i, ya sake ɓacewa. Nakan farka in duba agogo, in ga ƙarfe huɗu, in rasa na asuba ne ko na yamma. Mafarkai kuwa suka yi mini yawa, tar-tar da su. Ashe barcin da aka fi yin mafarki a cikinsa, wanda ƙwayar ido ke kai-komo ƙarƙashin fatarta, ya fi tsawo a ƙarshen kwanciya. Wanda ya makara yakan farka ne daga tsakiyarsa, shi ya sa yake tuna abin da ya gani.

Tushen lamarin yana cikin ƙwaƙwalwa. Daf da inda jijiyoyin idanu suka gitta juna akwai wani ɗan curi da ke aikin agogo. Kewayensa ya ɗan zarce awa 24, kuma hasken safiya ne ke daidaita shi kullum. Duhu ya yi, jiki ya saki sinadarin melatonin mai kiran barci. Haske ya shiga ido, ya tsayar da shi. Binciken wannan agogo a jikin ƙananan ƙudaje ne ya kai Jeffrey Hall da Michael Rosbash da Michael Young ga lambar Nobel a 2017.

Da rana ta daina yi musu wannan aiki, mutanen Tromso sai suka ɗauke shi da kansu. Wasu kan zauna gaban fitila mai tsananin haske da safe kamar rabin awa. Suna shan man hantar kifi, suna fita tattaki komai sanyi. Musulmin masallacin Alnor kuwa, idan alfijir da magariba suka ɓace, lokutan Makka suke bi wajen salla da azumi, har a sha ruwa rana na sama.

Ranar 21 ga Janairu, sa'ad da rana kan leƙo ta bayan duwatsu, biki ne sosai. Yaran makaranta kan fito tarbarta, ana raba musu burodi mai zaƙi da koko mai zafi, ko da gajimare ya rufe ta ruf.