Gidan da Ya Haifi Samanja

Lokacin da nake ɗan firamare a Sabon Garin Zariya, gida ɗaya ne ke da talabijin a layinmu. Ranar da ake nuna Samanja Mazan Fama, tun da sauran haske muke kama wuri a tsakar gidan, maigidan kuwa bai taɓa korarmu ba. Ba mu damu da sanin wane ne mai tashar da ke aiko mana da wannan dariya daga Kaduna ba. Sai da na fara koyarwa a Samaru tambayar ta dame ni.

A 1962, shekarar da aka buɗe Jami'ar Ahmadu Bello, gwamnatin Sardauna ta kafa kamfanin rediyo da talabijin na Arewa, wato BCNN, tare da kamfanonin Ingila biyu, Granada da EMI. Ibadan ta riga mu tun 1959, kuma a ganina kishin haka na cikin abin da ya zaburar da mu. Da aka rarraba Jihar Arewa a 1967, uban gidan kamfanin ya kau, ya zama gadon jihohi shida. A 1977 sojoji suka kafa NTA, talabijin ta koma hannun tarayya. Rediyon ya bi baya a 1978. Aka raba tagwaye.

Duk wannan yana nan a takarda. Aikin da aka yi a cikin gidan fa? Bara wani ɗalibina ya so ya nazarci Hausar barikin da ke bakin Samanja. Abin da ya samu ya ƙare a 'yan gutsattsari dushi-dushi a YouTube, babu shekara, babu sunan wanda ya shirya. Kaset a wancan zamani tsada gare shi. Hatta BBC ta goge shirye-shiryenta da dama don ta ɗauki sababbi a kai. Ban zargi kowa ba. Amma Ƙasimu Yero ya rasu a 2017, Usman Baba Pategi a 2023, kuma masu riƙe kyamarar da suka san wane kaset ke wace ma'ajiya suna ta tsufa.

Gidan Tarihi na Arewa, mallakar jami'armu, a Kaduna yake, gari ɗaya da tashar. Me zai hana a kwafe abin da ya rage a ajiye can? Ɗalibin nawa dai tuni ya canza maudu'i.