Wai Baba ya rikice

Jiya Juma'a na dawo daga kara raina a ɓace, har yanzu bai huce ba, shi ya sa kuka gan ni a nan da tsakar daren nan. Ina tsaye wajen masu tumaki wani dattijo, abokin Baba tun suna samari, ya kama hannuna yana jajanta mini. Wai ya ji Alhaji ya rikice, gigin tsufa ya kama shi, sai haƙuri, kowa ya daɗe zai ga daɗau. Na ce, "Kawu, ai Baba ne ya aiko ni karɓo masa bashi, shi ya lissafa mini kuɗin da bakinsa." Ya girgiza kai, kallon tausayi kawai yake mini.

Waɗanda suka daɗe tare da ni a shafin nan sun san lokacin da Inna ta rasu, kun yi mana ta'aziyya, Allah Ya saka. Abin da ban taɓa rubutawa ba shi ne abin da ya biyo baya. Baba ya shekara fiye da arba'in yana dillancin shanu a kasuwar Wudil, bai taɓa riƙe littafi ba. Wanda ya kawo bijimi daga Gaya, wanda ya loda mota zuwa Kudu bai cika kuɗi ba, duk a kansa suke. Mutumin nan, wata uku bayan rasuwar Inna, sai a tambaye shi ko ya karya ya ce bai sani ba. Ya ajiye carbi ya yi ta nema. A sallah ya rasa raka'a ta nawa yake. Ya daina zama a dakalin ƙofar gida, ya daina kunna rediyo, tuwo sai ya yi loma biyu ya ture. Ƙarfe uku na dare idonsa biyu.

Kowa ya zo dubiya maganarsa ɗaya ce: tsufa ne. Ni ma na yarda, kuma wannan ne ke cina har yau. Wata takwas muka yi muna kallonsa yana lalacewa saboda kalmar nan. Da an ce tsufa ne, an rufe magana, tunda ba a kai tsufa asibiti. Har wani mai kemis ya ba mu ƙwayar barci, muka yi ta ba shi, ya ƙara zama kamar wanda aka ɗaure wa dutse a ka, rannan ya faɗi a banɗaki.

Ƙanwata da ke aikin jinya ce ta kafe sai an kai shi Kano, sashen lafiyar ƙwaƙwalwa na Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. Sai da aka kai ruwa rana a gida, wai za mu ja wa Alhaji sunan mahaukaci. Da muka je, likitan ya sa aka auna jini, sukari, hawan jini da maƙoƙo, ya tambayi duk magungunan da yake sha, ya ce a janye ƙwayar barcin a hankali. Ya daɗe yana hira da Baba, sannan ya ce ciwon damuwa ne.

Ni ba likita ba ne, abin da na gane kawai zan faɗa. Kan mai ciwon damuwa kamar ƙwarya ce da ta cika, duk abin da ka zuba zubewa yake. Kana yi masa magana, shi yana can cikin tunaninsa, maganar ba ta shiga ba balle a nemo ta anjima. Tunani ya yi nauyi, shawara ƙarama kamar wace riga zai sa ta zama aiki. Irin wannan tsohon shi da kansa yake kukan mantuwa, yana saurin cewa "ban sani ba", amma in ka ɗan tuna masa bakin zaren sai ya kamo. Kuma iyali kan iya nuna lokacin da abin ya fara, kamar yadda mu muka san daga rasuwar Inna ne. Mai ainihin cutar mantuwa kuwa, tasa a hankali take shigowa, shekara da shekaru, sau da yawa bai ma yarda yana mantuwa ba, sai ya ƙirƙiro amsa ya cike gurbi. Tun 1961 wani likita ɗan Ingila, Leslie Kiloh, ya yi rubutu kan marasa lafiyar da aka ɗauka sun rikice alhali wani ciwon ne, galibi damuwa, kuma wasu suka dawo hayyacinsu da aka yi magani.

Na san masu cewa wannan ciwon Turawa ne suna nan tafe. To a nan ƙasar, Farfesa Oye Gureje na Jami'ar Ibadan da abokan aikinsa sun bi tsofaffi fiye da 2,000 masu shekara 65 zuwa sama a ƙasar Yarbawa, suka fitar da sakamako a 2007: kusan ɗaya cikin huɗu ya taɓa yin ciwon damuwa mai tsanani. Tsofaffinmu na Wudil da wane ƙarfe aka ƙera su?

Masu cewa rashin tawakkali ne, ku ji tsoron Allah. Baba bai taɓa barin sahun farko ba sai da ciwon nan ya kwantar da shi. Annabi Yaƙubu ya yi baƙin ciki har ganinsa ya tafi, wa ya isa ya ce ba shi da tawakkali? Mun yi addu'a, mun yi sauka, mun kuma ba da magani, ban ga inda ɗaya ya hana ɗaya ba. Masu cewa na tona asirin gida kuma, na nemi izininsa kafin in rubuta. Cewa ya yi, "Rubuta, ai rabin 'yan majalisarmu haka suke zaune."

Kada wani ya karanta wannan ya ruga kemis. Maganin ba ya aiki a kwana biyu, namu sai da ya haura wata guda kafin mu ga alama, kuma wasu magungunan damuwar ma ƙara wa tsoho mantuwa suke, likita ne ya san wanda ya dace. Ba na kuma cewa kowane tsoho zai warke. Ciwon damuwa da cutar mantuwa suna iya haɗuwa a mutum ɗaya, kuma likitan bai ɓoye mana ba cewa wanda damuwa ta kama da tsufa ya fi kusa da cutar mantuwa nan gaba, shi ya sa har yanzu muke tsallaka gada muna komawa asibiti duk lokacin da aka ba mu. Baba ma bai dawo daidai yadda yake da ba, sunayen jikoki kan sarƙe masa. Amma yana cin tuwonsa, ya koma dakali, yana musu da mai rediyo.

Da na dawo jiya na miƙa masa kuɗin, ya ƙirga, ya ɗago ya ce saura dubu biyar, na ladan saniyar da aka sayar kafin Babbar Sallah. Na kira wanda na karɓo bashin a wurinsa a waya a gaban Baba, ya yi shiru, sannan ya ce Alhaji ya yi gaskiya, zai aiko Juma'a mai zuwa.