Ranar da Jaruman Indiya Suka Tsaya Gaban Alƙali

Duk wanda ya tashi a Kano, Zariya, Jos ko Maraɗi a shekarun 1980 da 1990 ya san gurbin da fim ɗin Indiya ya samu a zukatanmu. Tun shekarun 1950 Kwarori masu gidajen silima suka fara shigo da shi, ya cika Plaza da Orion da Eldorado da Marhaba, kafin kaset ɗin bidiyo ya kai shi har ɗakunan matan aure. Mun raɗa wa jarumai sunaye kamar 'yan unguwa. Dharmendra shi ne Sarkin Ƙarfi, Sanjay Dutt kuwa Ɗan Daba Mai Lasin. Abin da ya fi riƙe mu a labaransu shi ne talaka yana cin galaba. Komai kuɗin bos, komai yawan yaransa, a ƙarshe sai 'yan sanda sun zo sun garƙama masa ankwa.

Labarin shari'un jaruman na zahiri kuwa tsinci-tsinci yake riskarmu, wani daga rediyo, wani daga tsohuwar mujallar Stardust da aka sayo a gwanjo, wani a bakin mai shagon haya. Kusan kowane lokaci bayan jarumi muke bi. Mu ce hassada ce, mu ce sharrin maƙiya ne. Yanzu da shekaru suka ja, aka iya jera kwanakin a ga yadda kowace shari'a ta tafi, abin da ke bayyana ya sha bamban da abin da muke faɗa a majalisa.

Ranar 12 ga Maris 1993 bama-bamai suka tashi a Bombay, wadda yanzu ake kira Mumbai, suka kashe mutum 257. A watan Afrilu aka kama Sanjay Dutt a filin jirgi, bisa zargin ya karɓi bindiga ƙirar AK-56 daga hannun mutanen da suka shigo da makaman harin. Shi ya ce don kare iyalinsa ya karɓa, saboda barazanar da aka yi musu lokacin rikicin addinin da ya gabaci harin. Ɗa ne ga Sunil Dutt, jarumi kuma ɗan majalisa, da Nargis ta fim ɗin Mother India. A shekarar ce Khalnayak ya fito, mu a nan muna rububin kaset ɗinsa.

Gaskiya ita ce Sanjay ya ɗanɗana gidan yari. Ya yi wajen wata 16 a tsare kafin a ba shi beli a Oktoban 1995. Amma daga nan sai shari'a ta shiga tafiyar hawainiya, shi kuma ya koma bakin sana'a. Cikin wannan jiran ya yi Munna Bhai M.B.B.S. a 2003, ya zama abin so ga yara da manya. A 2006 kotu ta wanke shi daga tuhumar ta'addanci a ƙarƙashin dokar TADA, ta kama shi da laifin mallakar makami kaɗai. A 2007 aka yanke masa shekara 6, ya sake samun beli. Sai a Maris 2013, shekara 20 bayan harin, Kotun Ƙoli ta tsayar da hukuncin a kan shekara 5. Ya roƙi a ɗaga masa ƙafa ya ƙarasa finafinan da ya karɓi kuɗinsu, aka ƙara masa mako huɗu. Bayan ya shiga kurkukun Yerawada da ke Pune, tsakanin Oktoban 2013 da Maris na 2014 ya yi kusan wata huɗu a gida da izinin hukuma. A Fabrairun 2016 aka sallame shi, saura wajen wata takwas wa'adinsa ya cika, saboda kyakkyawan hali.

Akwai wata tsohuwa a cikin wannan shari'ar, Zaibunnisa Kazi. A gidanta aka ce an ajiye wasu daga cikin makaman bayan an ɗauko su daga wajen Sanjay. Ita da dokar ta'addanci aka kama ta, aka yanke mata shekara 5, kuma lokacin da Kotun Ƙoli ta tabbatar da hukuncin tana da wajen shekara 70, ga rashin lafiya. Wanda ya karɓi bindiga an cire masa sunan ɗan ta'adda, wadda aka ajiye kaya a gidanta ta tafi da shi. A duk shekarun da muka yi muna jimamin Sanjay, sunan matar nan bai taɓa shigowa hirarmu ba.

Shari'ar Salman Khan ta fi ci mini rai, domin akwai gawa a ciki. Cikin daren 28 ga Satumba 2002, motarsa Land Cruiser ta hau kan mutanen da ke barci a bakin wani gidan burodi a unguwar Bandra. Leburorin burodi ne da ba su da ɗakin kwana. Nurullah Sharif ya mutu, huɗu suka ji rauni. Belin farko da aka ba jarumin na rupi 950 ne. Da jama'a suka yi ca, aka sake kama shi a Oktoba, ya yi mako biyu da 'yan kwanaki, ya fito.

Babban shaida shi ne Ravindra Patil, ɗan sandan da hukuma ta ba Salman ya riƙa tsaron lafiyarsa, wanda ke cikin motar a daren. Ya ce jarumin ne ke tuƙi, ya sha giya, kuma ya gargaɗe shi ya rage gudu. Wannan ƙaramin ɗan sanda shi ne ya ga tasku. Da ya daina halartar kotu aka kama shi a 2006 aka tsare, aka kore shi daga aiki, a 2007 tarin fuka ya kashe shi a wani asibitin gwamnati, ba shi da ko sisi. Ita kuwa shari'ar, shekara 10 aka kwashe ana ja-in-ja kan wace tuhuma ta dace, kisa ta sakaci ko wadda ta fi ta nauyi. A 2014 aka faro ta daga tushe. A 2015, bayan shekara 13, direban gidan su Salman ya bayyana ya ce ai shi ne ke tuƙi.

Ranar 6 ga Mayu 2015 alƙali ya ƙi yarda da zancen direban, ya yanke wa Salman shekara 5. Kafin rana ta faɗi, Harish Salve, ɗaya daga cikin lauyoyi mafi tsada a Indiya, ya tsaya gaban Babbar Kotun Bombay ya samo masa belin wucin gadi, da hujjar cewa ba a miƙa musu cikakken kwafin hukuncin ba. Bayan kwana biyu aka jingine ɗaurin. Bayan wannan hukunci bai kwana ko ɗaya a kurkuku ba, ya koma ya ƙarasa Bajrangi Bhaijaan, wanda ya fito a Yuli ya tara kuɗi na fitar hankali. Ranar 10 ga Disamba babbar kotun ta wanke shi, ta ce masu gabatar da ƙara ba su kawo hujjar da ta kore shakka ba, kuma ba za a dogara kacokan da shaidar Patil ba. Gwamnatin jihar Maharashtra ta ɗaukaka ƙara zuwa Kotun Ƙoli a 2016.

Kotu ta wanke shi, don haka ba zan kira shi mai laifi ba. Amma a dubi lissafin. Shari'ar da ta ci shekara 13 kafin a yanke ta, ɗaukaka ƙararta wata bakwai kacal ta ɗauka, a ƙasar da mutane ke shekara da shekaru a ɗaure suna jiran a saurari tasu. A wannan shekarar ta 2015, kashi biyu cikin uku na mazauna kurkukun Indiya masu jiran shari'a ne, ba a kama su da laifin komai ba. Da yawansu belin ma an ba su, kuɗin cikawa ko mai tsaya musu ne babu.

A nan nake ganin sassaucin da ake yi wa jaruman yake, kuma shi ya sa masu cewa "ai doka aka bi" suke da gaskiya ta wani gefen. Beli haƙƙi ne, ɗaukaka ƙara haƙƙi ne, izinin zuwa gida ma yana cikin dokar gidajen yari. Sai dai kowane ɗaya yana buƙatar lauya, lauya kuma kuɗi. Jinkirin da ke cinye rayuwar talaka a bayan kanta, shi mai hali a gidansa yake yin sa, yana aiki, sunansa na ƙara ɗaukaka, shaidu na mutuwa ko suna mantuwa. Mu ma a Najeriya kusan kashi biyu cikin uku na waɗanda ke gidajen gyaran hali zaman jiran shari'a suke yi, kuma mun san 'ya'yan su wane ne ba sa cikinsu.

Sannan akwai rabon masoya. Ranar da aka yanke wa Salman hukunci, mawaƙi Abhijeet ya fito a Twitter yana kwatanta masu kwana a bakin titi da karnuka. Manyan masana'antar fim suka yi ta tururuwa gidan jarumin suna jaje. Mu ma da ke nesa addu'ar Allah Ya kuɓutar da shi muka yi ta yi. Nurullah Sharif ɗan ci-rani ne, irin 'yan'uwanmu masu kwana a barandar shaguna a Legas da Fatakwal, kuma shi ya fi cancanta da tausayinmu.

Akwai kuma wata shari'ar da ita ma ta daɗe. A 1998, lokacin ɗaukar Hum Saath-Saath Hain kusa da Jodhpur, mutanen ƙabilar Bishnoi, waɗanda addininsu ya hana kashe dabba da sare ɗanyen itace, suka kai ƙarar Salman kan harbe wata irin barewa guda biyu da doka ta hana taɓawa. Manoman ƙauye ne, amma suka tsaya kan maganarsu shekara 20. Ranar 5 ga Afrilu 2018 kotu ta yanke masa shekara 5. Ya kwana biyu a kurkukun Jodhpur, ranar 7 ga wata aka ba shi beli, ya hau jirgi ya koma Mumbai.