Hoton da Ba Shi da Na Biyu

Cikin ayyukan da ake kawo mini shago, babu wanda nake jin daɗinsa kamar manna hoto a bayan akirilik, kuma babu wanda na fi yawan cewa ba zan yi ba kamarsa. Abokan sana'a suna ganin wauta ce mai yin firam ya kori kuɗin da ya tako har ƙofarsa. Ba zan ɓoye ba, duk ranar da na mayar da irin wannan aiki sai na ji a aljihuna, wani lokaci har cefanen gida ya shaida.

Ga wanda bai sani ba, akirilik wata roba ce garau mai kama da gilashi, wadda ake sayarwa da sunan Perspex ko Plexiglas. Kamfanin Otto Röhm na Jamus ya fito da Plexiglas a 1933, kuma a Yaƙin Duniya na Biyu da irin wannan roba aka riƙa yin tagogin jiragen yaƙi, saboda nauyinta kusan rabin na gilashi ne, ba ta kuma tarwatsewa kamarsa. Saka hoto a bayanta iri biyu ne. Ko a sa ta a firam a madadin gilashi, hoton yana can baya bai taɓa ta ba, ko kuma a manna fuskar hoton kanta da robar da gam marar launi, a bi da su ta cikin injin matsa har su zama abu guda, sannan a tokare bayan da farantin alminiyum. Na biyun nan shi ake yayi. Wani mutumin Suwizalan, Heinz Sovilla-Brulhart, shi ya ƙirƙiro hanyar da ake kira Diasec a 1969, wadda ke amfani da gam na silikon.

Kyan abin ba a magana. Da yake babu iska tsakanin hoton da robar, haske ba ya warwatsewa, sai launi ya yi zurfi. Na taɓa ɓare takardar kariya daga kan wani hoton Hawan Daushe da wani matashin mai ɗaukar hoto ya kawo, jan rigunan dogarai da korensu suka fito kamar yanzu aka tsamo su daga marina. Ni da shi muka tsaya shiru muna kallo. Manyan masu fasaha ma sun rungumi hanyar. Hoton kogin Rhine na Andreas Gursky, Rhein II, na 1999, a bayan akirilik aka manna shi, kuma a Nuwamban 2011 aka sayar da shi dala miliyan 4.3 a gwanjon Christie's da ke New York.

Abin da masu ba da labarin wannan ciniki ba su cika faɗa ba shi ne, kwafi 6 aka buga na hoton, kuma a kwamfuta aka gyara shi tun farko. Nan maganar take: in ɗaya ya lalace, akwai wani. Abin da aka manna ya mannu ke nan, babu cirewa ba tare da an yaga fuskar hoton ba. Akirilik kuma ya fi gilashi laushi nesa ba kusa ba. Idan gilashin firam ya karce, sai a sake wani. Idan robar da aka manna ta karce, hoton ne ya karce. Ƙwayar ƙura ɗaya da ta shige lokacin matsawa za ta zauna a wurin muddin hoton na nan. Shi ya sa da hunturu nake yayyafa ruwa a ƙasan shago, in yi aikin da sassafe kafin iska ta taso, domin robar nan da an goga ta sai ta riƙa janyo ƙura da kanta.

Wata dattijuwa ta taɓa zuwa da jikarta, riƙe da hoton mahaifinta, baƙi da fari, na tsohon situdiyo, gefensa ya fara cinyewa. Ta ga irin aikin a falon wata ƙawarta, tana so a yi masa haka.

Na ce, "Hajiya, akwai wani kwafin a gida?"

Ta ce, "Ɗan nan, da akwai ai da ban lulluɓe shi a ƙasan akwati shekara da shekaru ba. Shi ke nan mana a duniya."

"To ki yi haƙuri, ranki ya daɗe, wannan ba zan sa masa gam ba."

Ranta ya ɓaci, ta ɗauka kuɗi nake son ƙarawa. Ni ma na ji nauyi, don ba tarbiyyarmu ba ce babba ta nemi abu yaro ya ce a'a, ga kuma kuɗin haya yana jirana a watan. Na roƙe ta ta zauna. Na yi wa hoton sikanin, na buga sabo da tawada mai jure haske, girmansa ya ninka na asali, shi na manna a bayan akirilik. Na asalin kuwa na sa shi cikin takarda marar asid, na ce a ajiye shi inda babu rana babu laima. Da jikar ta zo karɓa, ta ce sauran 'yan'uwa ma kowa na son nasa.

Sana'ar nan ta koya mini bambanta abin da aka kawo don a kalla da abin da aka kawo don a adana, ko da mai shi bai bambanta ba. Masu kula da kayan tarihi ƙa'idarsu ita ce duk abin da za a yi wa tsohuwar takarda ya zama ana iya warware shi. Suna riƙe ta da 'yar siririyar takardar Japan da gam na sitacin alkama, wanda ɗan danshi ke saki. Suna sa kwali marar asid ya raba hoto da gilashi, domin da damina fuskar tsohon hoto tana shan laima ta liƙe wa gilashin, kuma da yawa daga cikinmu mun ga haka a ɗakunan iyayenmu. Akirilik mai tare hasken ultrabayolet yana taimakawa, amma hasken da ido ke gani ma yana cin launi, don haka bangon da rana ke duka ba wurin hoto ba ne. Zanen gawayi ko na alli kuwa ko kusa da akirilik ba na kai shi, don robar tana tsotse garin daga takardar.

Wanda yake da irin wannan aiki a gida, kada ya goge shi da maganin wanke gilashi mai amoniya ko da sifirit, suna sa robar ta yi hazo ko ta tsattsage. Tsumma mai laushi da ɗan ruwa ya isa, bayan an hure ƙurar.

Abin da ya fi damuna shi ne yadda laminatin mai zafi ke cinye tsofaffin hotuna da takardun gado a garuruwanmu, da sunan kariya. Kafin ka miƙa wa kowane mai firam hoton iyayenka, ko ni ne, tambaye shi: idan na so a ciro shi gobe, zai fito yadda na kawo shi? In ya ce a'a, ba shi kwafi, ka koma gida da na asalin.