Kwantiragin tsohon ɗan wasa: kiran da ya sa na yi shiru



Ranar Litinin da ta wuce, cikin shirin wasanni, na buɗe layi da tambaya guda: ɗan ƙwallon da ya haura shekara 30, ya dace ƙungiya ta ba shi kwantiragin shekara uku ko huɗu? Ni tun daga gida na zo da amsata: a'a. Kuma na zo da hujjoji.

A Satumban 2020 Arsenal ta ba Aubameyang, ɗan Gabon, shekara uku yana da shekara 31, don daɗin ƙwallaye biyun da ya ci mata a wasan ƙarshe na kofin FA. Kafin shekara biyu ta cika an ƙwace masa kambun kyaftin, a Fabrairun 2022 ya tafi Barcelona, Arsenal ba ta karɓi ko dala ba. Willian ma shekara uku ta ba shi yana da 32, shekara guda ya yi aka rabu.

Real Madrid kuwa an san tsarinta: in ka wuce 30, shekara ɗai-ɗai ake sabunta maka. Sergio Ramos ya nemi biyu, ba a daidaita ba, ya koma PSG a 2021, kakarsa ta farko kusan duk a jinya ta ƙare. Luka Modric ya yarda da tsarin, ya ci gaba da bugawa har 2025, yana da shekara 39. Ke nan gajeren kwantiragi ba ya korar tsohon da ƙafarsa ke aiki.

Dalilin a fili yake. Gudu na raguwa, ciwon da yaro ke warkewa cikin sati biyu sai ya ɗauki wata, albashi ya kai ƙololuwa, in an so sayarwa babu mai saye. Na ce kwantiragi kuɗin gobe ne, ba tukuicin jiya ba. Har ina jin daɗin kaina.

Sai wani bawan Allah ya kira. Ya ce: "Ƙanena, na ji lissafinka, amma da aljihun ƙungiya kake yin shi. Wa ke yi da gwiwar ɗan wasa?" Shekara tara ya buga wa wata ƙungiya a nan gida. Yana da 31 gwiwa ta tafi ana cikin wasa. Babu takarda, maganar baki ce kawai. Aka kai shi asibiti, aka zo dubiya sau biyu, shi ke nan. Yau kabu-kabu yake yi, da iyali shida.

Na ce: "Yaya, Allah ya ba da lada." Sai na rasa ta cewa. Mai aikin rediyo ya san tsawon shirun daƙiƙa biyar.

Ban canza ra'ayi a kan Turai ba. Ramos ba zai kwana da yunwa ba don an hana shi shekara guda. Amma yanzu na gane abin da ɗan wasa ke nema in ya nace a kan dogon kwantiragi: tsoron ranar da ƙafa za ta ce ta gaji. Mu da ke gardama a fada kan albashin Madrid, namu ƴan wasan ko gajeren wasunsu ba su da shi a rubuce. A ba su shekara guda, ba laifi, amma a rubuta, a sa hannu, a faɗi wanda zai biya magani in an ji ciwo.

Na roƙi yayan nan ya zo ɗakin shiri Litinin mai zuwa, ya amsa. In kun san wani irinsa a Maraɗi, Damagaram, Tawa ko Yamai, ku gaya masa layi a buɗe yake.

Allah ya sa mu gama lafiya.