Darasin da kunnen kyanwata ya koya mini

Tun da muka tare a Bekaji, kyanwata ce ta raba mu da ɓeraye. Bara ta fara susar kunne har jini, ga baƙar dauɗa kamar garin gawayi. Maƙwabciyata ta ce in ɗiga mata kananzir. Allah Ya sa na fara kai ta wurin likitan dabbobi a nan Jimeta. Ya ce ƙananan ƙwari ne, kananzir kuwa guba ne gare ta. Ya wanke kunnen, ya ba ni maganin ɗigawa na mako 3, don ya riski waɗanda za su ƙyanƙyashe daga baya. Da ta samu sauƙi a kwana 7, sai na daina. Susa ta dawo, har ta shafa wa 'ya'yanta. Dole na sake daga farko. 'Yan uwa, sauƙi ba warkewa ba ne, a ƙarasa magani.